Kafin zuwan kwamfuta, ta yaya ake gano laifin motar alfarma?

"Ni bakanike ne, shekara takwas ke nan ina aikin gareji. Yau idan mota ta zo da matsala, na'ura muke jona mata ta ba mu lambar laifi. Na ji ana cewa motocin Rolls-Royce na shekara ɗari da suka wuce suna cin dubban mil ba su tsaya ba, injinsu kuma ko ƙara ba ka ji. To su waɗancan mutanen da ba su da kwamfuta, yaya suke gwada sabuwar mota kafin a sayar, kuma yaya suke gane inda laifi yake? Ko dai labarin ne aka ƙara wa gishiri?"

Malam, abu uku ka tambaya: yadda suke gwaji, yadda suke bin sawun laifi, da kuma ko labarin gaskiya ne. Bari in fara da na ƙarshe don ya fi sauƙi. Alƙaluman gaskiya ne, domin ba kamfanin ne ya rubuta wa kansa ba, akwai masu sa ido daga waje. Inda gishirin yake shi ne zaton da ake yi cewa motocin nan sun fito daga takardar zane ba su da aibi. Sun lalace ƙwarai da gaske. Sun karya karanshaf, sun tafasa ruwa, sun kasa hawan dutse, sitiyarinsu ya yi rawa har ya nemi ƙwace wa direba. Bambancinsu da na sauran kamfanoni shi ne yawancin lalacewar ta faru ne a hannun masu gwaji, an rubuta ta, an bi ta har tushe, kafin motar ta kai hannun mai kuɗinta. Zan yi misali da Rolls-Royce tunda ita ka ambata, kuma aikinsu daga 1906 zuwa 1939 ya ƙunshi kusan duk abin da ake son sani a kan wannan batu.

Yanayin da suke aiki a ciki

A wancan zamani kamfanin ba ya sayar da cikakkiyar mota. Abin da yake ƙerawa shi ne shasi da inji da giya da aksul da tayoyi da lagireto. Mai saye sai ya kai wa masu yin bodi irin su Barker ko Hooper, su ɗora masa gida na katako da aka lulluɓe da falankin alminiyom. Ka ga ke nan injiniya bai san nauyin da za a ɗora wa shasinsa ba. Tituna kuwa yawancinsu tsakuwa ce da ƙura, kuma dokar Birtaniya ta 1903 ta hana wuce mil 20 a awa, wato kilomita 32, ba a ɗage ta ba sai da dokar 1930.

Mai sayen irin wannan mota ba gudu ya fi damunsa ba. Yana son shiru, yana son kada ya ji girgiza, yana son kada direbansa ya riƙa sauya giya, sannan kada motar ta tsaya da shi a hanya. Wannan buƙata ta shiru ita ce ta sa aikin ya yi wuya. A motar talaka ƙarar inji takan rufe komai. Da zarar ka kashe ƙarar bawul, sai kukan giya ya fito. Ka kashe shi, sai ka ji aksul na baya. Ka gyara aksul, sai ga ƙofa tana ƙyas-ƙyas. Duk wanda ya taɓa gyara salansar mota mai ita ya dawo yana cewa an sa masa sabuwar ƙara ya san wannan.

Mil 15,000 na 1907

Motar da ake ba da labarinta ita ce mai lambar shasi 60551, wadda aka laƙaba wa Silver Ghost, mai silinda shida da inji cc 7,036. Claude Johnson, wanda ke tafiyar da harkar kamfanin, ya sa ta a gasar juriya ta Sikotland a watan Yuni 1907, daga nan aka ci gaba da kai-komo tsakanin Landan da Glasgow har sau 27, dare da rana, ana hutawa ranar Lahadi kawai, har aka cika mil 15,000, kimanin kilomita 24,000. A duk tafiyar akwai ɗan sa ido na ƙungiyar masu motoci ta RAC a cikin motar yana rubuta kowace tsayawa da dalilinta. In aka cire facin taya, sau ɗaya ta mutu ba da son direba ba, a mil na 629, lokacin da girgizar hanya ta rufe famfon fetur. Bayan wannan ta yi mil 14,371 ba ta sake ba.

Talla ce, babu shakka, Johnson gwanin talla ne. Amma abin da ya biyo baya shi ne ainihin aikin injiniya. An kwance motar gaba ɗaya a gaban injiniyoyin RAC, aka auna kowane ɓangare, aka ce a sauya duk abin da ya nuna alamar ci komin ƙanƙantarsa. Inji da giya da aksul ba su nuna cin da za a iya aunawa ba, sai 'yan ƙananan abubuwa kamar fil-fil na sitiyari da mahaɗin da ke juya magneto, na'urar da ke ba fulogi wuta. Kuɗin kayan da aka sauya ya tashi fam 2 da sule 2 da kwabo 7. Ka lura da matakan: tafiya mai nisa da kaya, rubuta komai, kwancewa, aunawa. A kan waɗannan huɗun aka gina duk gwajin da ya zo daga baya.

Ka kuma lura da famfon fetur ɗin. Ba wanda zai zauna a ofishin zane ya hango cewa hannun famfo zai rufe kansa. Hanya ce kaɗai ke tona irin wannan.

Dutsen da ya tona asiri

A 1909 an koma giya uku a motar, saboda injin yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, masu saye kuma sun tsani sauya giya, don giyar lokacin sai ka daidaita juyin inji da ƙafa kafin ta shiga ba ta yi kuka ba. A 1911 Ernest Hives, wanda ya fara a matsayin direban gwaji, ya tuƙa wata daga Landan zuwa Edinburgh ya dawo a giyar sama kaɗai, ta sha galan ɗaya a kowane mil 24.32, sannan ta yi mil 78.26 a awa a filin tsere na Brooklands. Kowa ya yaba.

Shekara guda bayan haka, a 1912, wani mai mota James Radley ya shiga gasar tsaunukan Alps ta Ostiriya da tasa. A hawan dutsen Katschberg motar ta tsaya cik, sai da fasinjoji suka sauka kafin ta iya tashi. Babu abin da ya karye. Lissafi ne kawai ya ƙi. Katschberg ya haura mita 1,600 daga teku, gangarensa a wasu wurare ya kai ɗaya cikin huɗu. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ka hau, saboda iska ta yi sirara, ka ga an tafi da kusan kashi 16 ke nan. Ruwa kuma yana tafasa da wuri, digiri ɗaya ƙasa a kowace mita 300, wato wajen digiri 95 maimakon 100. Ga mota cike da mutane da kaya, ga giya ta ɗaya mai tsawo wadda aka zaɓa don tudun Ingila. Gwajin 1911 ya tabbatar da kyawun abu ɗaya, ya kuma ɓoye raunin da ke tattare da shi.

Abin da kamfanin ya yi shi ne abin koyi. Bai ce laifin direba ba ne. An tura motoci da masu gwaji can kan tsaunukan, aka dawo da giya huɗu mai gajeriyar giya ta ɗaya, aka ƙara girman lagireto, aka ƙara wa inji ƙarfi, aka inganta birki saboda gangarowa ma gwaji ce mai zaman kanta. A 1913 motoci huɗu suka koma gasar, har da ta Radley, suka haye duwatsun ba gardama. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma fa a filin da ya dace.

Injin jijjiga da karatun karaya

Jiran hanya ta karya ƙarfe yana cin watanni. Don haka a masana'antarsu ta Derby suka gina wata na'ura: manyan ganguna masu juyawa da aka ɗaura wa ƙusoshin tudu, a ɗora tayoyin mota a kai, a ɗaure ta, a kunna. Kowane juyi sai taya ta sha duka kamar ta faɗa rami. A cikin sa'o'i kaɗan sifirin, maƙalan fitila, ƙafafun lagireto, bututun mai da mahaɗan shasi sukan fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Mai gwaji yana tsaye da agogo yana rubuta abin da ya fara karyewa da minti nawa ya ɗauka. A gyara, a sake ɗorawa, a ga ko lokacin ya ƙaru.

Karyewar ba ita ce ƙarshen aiki ba, fuskar karayar ake karantawa. Ƙarfen da ya gaji yana barin shaida iri biyu: wani sashe sumul mai layi-layi masu lanƙwasa kamar yankakkiyar albasa, wanda tsaga ta bi a hankali cikin dubban lanƙwasawa, da wani sashe mai kaushi mai ƙyalli inda ragowar ƙarfen ya ɓalle lokaci guda. Ka bi layukan nan baya, za su kai ka inda tsagar ta fara, kuma kusan kullum kusurwa ce mai kaifi, ko gindin zaren noti, ko ramin maɓalli, ko ƙarzanen da injin sassaƙa ya bari. Idan sashen sumul ya fi yawa, nauyin da ke kan ƙarfen bai yi yawa ba, kusurwar ce ta ci amanarsa, maganin kuwa a zagaye kusurwar a goge ta. Idan mai kaushin ya fi yawa, ƙarfen ya yi ƙanƙanta da aikin. Wanda bai iya wannan karatu ba sai ya ƙara kauri kawai, ya ƙara nauyi, karayar ta koma maƙwabcin ɓangaren.

Irin wannan tunani ne ya sa Henry Royce, babban injiniyan kamfanin, ya guje wa ribit a shasi. Ribit da aka buga da zafi yakan tsuke in ya huce, ya bar 'yar tazara a rami, girgiza kuma ta faɗaɗa ta. Shi sai ya sa a gyara ramin ya zama mai tsukewa, a buga ƙusa mai zare wadda ita ma take tsukewa, ta cika ramin dam. Haka kuma ya fi son ƙananan ƙusoshi da yawa jere kusa da juna a kan manya guda huɗu, don matsi ya rarrabu daidai, mai kada ya yoyo.

Na'urar tana da iyaka. Duka iri ɗaya take bayarwa. Ba ta san laka ba, ba ta san ƙura ko zafin rana ko kwana mai kaifi ba.

Châteauroux

Shi ya sa daga shekarun 1920 kowace sabuwar ƙira sai ta je Faransa. Sun kafa sansani a garin Châteauroux da ke tsakiyar ƙasar. Titunan wajen dogaye ne miƙaƙƙu, ba cunkoso, ba a takura gudu a wajen gari, ga gargada da ramuka da shimfiɗar duwatsu, ga doron tsakiya da ke karkatar da mota gefe. Ma'aunin shi ne mil 10,000 ana gudu sosai, direbobi suna karɓa-karɓa. Idan ana cin mil 500 a rana, cikin mako uku an yi wa mota abin da mai ita zai yi mata a shekara ko fiye. Ba su kaɗai ba ne. W.O. Bentley, mai kamfanin motocin Bentley, ma a titunan Faransa ya gwada sabuwar motarsa mai silinda shida a 1924, ya ci karo da motar gwajin Rolls-Royce, suka gwada ƙarfi, abin da ya gani kuma ya sa ya ƙara girman injinsa zuwa lita shida da rabi.

Darajar irin wannan gwaji tana cikin littafin, ba cikin gudun ba. Kafin a haɗa motar an auna bangon silinda, wuyan karanshaf, kaurin takalman birki, tsayin sifirin. Kullum ana rubuta fetur da bakin mai da ruwan da aka ƙara, zafin ruwa, yanayin gari, hanyar da aka bi, cin taya. Laifi kuma ba a rubuta shi da "tana ƙara". Sai an faɗi a wane gudu, a wace giya, ana taka totur ko an saki, inji da zafi ko da sanyi, a mil na nawa ya fara. Rahoton ya tafi Derby wurin Hives, wanda ya shugabanci sashen gwaji tun 1916, ya kuma tafi wurin Royce. Shi Royce tun da ya yi rashin lafiya mai tsanani a 1911 kusan bai sake taka masana'antar ba. Yana zaune a bakin teku a kudancin Ingila, daga baya a West Wittering, da sanyi kuma a Le Canadel a kudancin Faransa, da masu zanensa. A ganina wannan nisa ya taimaka wa tsarin, domin mutumin da ba ya wurin ba za ka nuna masa da yatsa ba, dole ka rubuta masa bayanin da zai iya aiki da shi.

Ƙa'ida biyu ke riƙe da wannan aiki. Ta farko, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ƙarar ta tafi ba ka san wanne ya kore ta ba. Ta biyu, sabon ɓangaren da aka sa a mil na 6,000 bai gaji mil ɗin tsohon ba, nasa lissafin daga sifili yake farawa.

Yadda kunne ke rarraba ƙara

Nan ne amsar rabin tambayarka ta biyu take. Duk wata ƙara ko girgiza a mota tana bin ɗaya daga cikin abu uku: juyin inji, gudun taya, ko dukan hanya. Aikin farko shi ne a gane wanne take bi. Ka kai mota gudun da ƙarar ta fi fitowa, ka lura da shi. Ka sauka giya ɗaya ka riƙe gudun nan. Idan ƙarar ta sauya, inji take bi. Idan tana nan yadda take, daga bayan giya take. Sai ka taka kuloci ka bar inji ya sauka, mota na gangarawa da kanta. Abin da ya rage a kunnenka na farfela ne ko aksul ko taya.

Daga nan sai ƙidaya. Tayar motocin nan tsayinta ya kusa santimita 90, kewayenta mita 2.8. A kilomita 60 a awa tana juyawa kusan sau 6 a daƙiƙa, wannan bugu ne da za ka ji a kujera ko sitiyari har ka kusa ƙirga shi. Idan aksul yana rage juyi uku zuwa ɗaya, farfela na yin 18 a daƙiƙa, wannan karkarwa ce a ƙasan ƙafa. Inji mai silinda shida yana tashin wuta sau uku a kowane juyi, a giyar sama ka ga 54 ke nan, wannan kuma gurnani ne a kunne. Gogaggen mai gwaji yana raba ukun nan ba tare da wani awo ba.

Kukan aksul da ke zuwa in an taka totur ya ɓace in an saki, ko akasin haka, zaman haƙoran giyar aksul ne. Sai a shafa musu shuɗin fenti, a juya, a duba inda suke taɓa juna, a matsar da ƙaramar giyar ciki ko waje da siraran wasa. Kukan da bai damu da totur ba amma yana ƙaruwa in ka karkata mota dama ya ragu in ka karkata hagu, boris ɗin taya ne na gefen da nauyi ya koma. A inji kuwa, ƙwanƙwasar da ke nan da sanyi ta ɓace da zafi fistin ne ke wasa a silinda. Tafet yana bugawa a rabin juyin inji. Don gano silindar da ke da laifi sai a kashe fulogi ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, inda ƙarar ta ragu nan take. Sandar katako, kai ɗaya a jikin inji ɗaya a kunne, ita ce na'urarsu ta sauraro, kuma sau da yawa akan cire katakon ƙasan mota mutum ya kwanta yana saurare wani na tuƙi. Silver Ghost tana da wata dama: fulogi biyu a kowace silinda, ɗaya na magneto ɗaya na kwayil da batir. Idan inji na tsallake wuta, ka juya makunni zuwa magneto kaɗai, sannan kwayil kaɗai. In matsalar tana nan a duka biyun, ka bar wuta ka koma kafireto ko bawul.

Laifuffuka biyu da suka fi ba su wuya

Na farko murɗewar karanshaf. Injin silinda shida na farko-farko, har da na Royce mai ƙarfin doki 30 na 1905, yana da wani juyi da in ya kai sai ƙara mai tsanani ta tashi daga giyoyin gaba, a wuce shi kuma ta lafa. Wasu karanshaf ɗin har karyewa suka yi. Abin ya rikita mutane, don an daidaita nauyin komai. Dalilin shi ne dogon karanshaf kamar sifirin yake: kowane tashin wuta yana murɗa shi kaɗan, ya sake ya dawo. Yana da saurin kaɗawarsa na halitta, kuma idan bugun wuta ya zo daidai da wannan sauri, kowane bugu sai ya ƙara a kan na baya, kamar mai tura lilo a daidai lokacin da ya dawo. Alamar da ke bambanta shi da sauran ita ce yana zuwa a juyin inji ɗaya tak, a kowace giya, a ɗan siririn tsakani. Royce ya magance shi ta hanya biyu. Ya sa ƙaramin fulawul a gaban karanshaf wanda ba a ɗaure shi kam ba, an matse shi ne tsakanin faifai masu gogayya, in murɗewa ta zo sai ya ɗan zame ya cinye ƙarfinta ya mai da shi zafi. Sannan a injin Silver Ghost ya yi karanshaf gajere mai kauri a kan mazauni bakwai, don saurin kaɗawarsa ya haura juyin da injin ke aiki. Wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ma ya yi rajistar irin wannan na'ura a 1910, kuma jikanyarta ce fulin roba da ke gaban injin da kake gyarawa yau.

Na biyu rawar gaba. Wajen 1924 abu biyu suka zo tare: birki a tayoyin gaba, wanda Rolls-Royce ta ɗauka tare da na'urar ƙara ƙarfin birki irin ta kamfanin motoci na Hispano-Suiza da giya ke juyawa, da kuma manyan tayoyi masu ƙarancin iska. Kowanne ci gaba ne, amma haɗuwarsu ta haifi bala'i. Gangunan birki sun ƙara nauyi a bakin aksul, taya mai laushi ta zama sifirin. A wajen mil 60 a awa sai aksul ɗin gaba ya fara tsalle, dama sama hagu ƙasa, sitiyari na fizga. Ka riƙe tayar keke a tsakiyarta tana juyawa ka karkata ta, za ka ji tana neman juyawa gefe da kanta. Haka ke faruwa: aksul guda ya haɗa tayoyin biyu, in ɗaya ta hau duka biyun sun karkata, karkatar ta juya su, juyawar ta sake ɗaga aksul. A wannan gudun kuma juyin taya, kusan goma a daƙiƙa, ya yi daidai da saurin tsallen aksul, ɗan rashin balansin taya ya isa ya kunna wutar.

Masu gwaji sun raba ta da wata rawar ta ƙaramin gudu, wadda ramin hanya ke tayarwa, tushenta kuma sakin mahaɗan sitiyari ne ko kwanciyar kimfin, ƙusar da tayar gaba ke karkata a kanta, da ta yi yawa. Wannan ana maganinta da matse mahaɗai da sa 'yar weji tsakanin sifirin da aksul. Ta babban gudu kuwa sai dai a lallaɓa: a yi wa taya balansin, a ƙara iska, a ƙarfafa shokazoba, a rage nauyin birki. Kowane magani da kuɗinsa, don ƙarin iska da taurin shokazoba suna kashe laushin da aka sayi motar dominsa. Ba a rabu da ita ba sai da aka raba tayoyin gaba kowacce da ƙafarta. Maurice Olley, wanda ya yi aiki da Royce kafin ya koma Cadillac a Amurka a 1930, ya gina irin injin jijjigar Derby a can, binciken nasu ya kai ga ƙafar gaba mai zaman kanta a motocin General Motors na 1934, Rolls-Royce kuma ta ɗauki tsarin ta sa a motarta Phantom III.

Abin da ya shafi garejinka, da inda hanyar ta gaza

Na'urar da kake jonawa tana faɗa maka abin da sensa ta gani ne kawai. Boris, farfela, ƙafa, mazaunin inji, tsagar shasi, duk babu sensa a kansu, kuma har yau da sauya giya da taka kuloci da karkata mota ake gano su. Ko lambar da ta ce silinda ta uku na tsallake wuta ba ta ce fulogi ne ko kwayil ko nozul ko bawul ba. Sai ka musanya kwayil ɗin da na silinda ta biyu ka ga ko laifin ya bi shi, wanda shi ne dai abin da direban Silver Ghost ke yi da makunninsa.

Amma kada a ɗauka tsarin nasu ba ya kuskure. Motocin gwaji ƙalilan ne, laifin da ke fitowa a mota ɗaya cikin hamsin zai iya wuce su. Mil 10,000 cikin mako uku ba ya nuna abin da shekaru ke yi wa roba da katako da tsatsa. Bodin gwaji ba shi ne wanda mai saye zai ɗora ba, rufaffen bodi mai nauyi kuma yakan tara gurnanin da buɗaɗɗe ke saki. Mafi girma, mai gwaji ba ya tuƙi irin na mai mota. Shi yana gudu da inji mai zafi, yana juye bakin mai a kan lokaci. Mai mota a Landan tafiyar mil biyu yake yi, inji bai yi zafi ba, direba ya bar shi yana aiki a tsaye a ƙofar gida.

Phantom III, mai silinda 12 da inji cc 7,338, wadda aka fara bai wa masu saye a 1936, ta zo da tafet masu daidaita kansu da matsin bakin mai, don a kawar da ƙarar bawul gaba ɗaya. Tsarin yana buƙatar mai mai tsabta ƙwarai, ta cikin ƙananan ramuka yake bi. Man wancan zamani ba shi da sinadarin wanke datti, gajerun tafiye-tafiye da inji mai sanyi suna tara masa ruwa da toka ya zama dagwalo, matatar kuma ba kowane direba ke wanke ta a kan lokaci ba. Ramukan suka riƙa toshewa, tafet ya saki ya yi ƙara ko ya hana bawul zama daidai. Irin wannan laifi ya fi tsananta a hannun mai mota fiye da titin Châteauroux. A 1938 kamfanin ya janye tsarin ya koma tafet na ƙarfe zalla da ake daidaitawa da hannu, da yawa daga cikin motocin da aka riga aka sayar kuma aka mai da su haka.